Dodon Ikko

Kwakwa ba a cizonta. Yanzu na sani, amma ranar da na fara ganinta ban sani ba, kuma babu wanda ya ga dama ya gaya mini. A tsakar gidan Kakata ne a Kebbe, mutane cike har gindin rumbu, taubashina ya zura hannu cikin taiki ya fito da wani dunƙule mai gashi kamar kan tsohon biri. Ya ɗaga shi sama ya ce wa ya san wannan. Kowa ya yi shiru. Ni kuwa shiru ba ya daɗewa a bakina.

Na ce, "Wagga? A Tambuwal awaki muka ba ta."

Ya miƙo mini ya ce, "To bisimilla, ɗan mace."

Na karɓa, na buɗe baki iyakar buɗewa, na gartsa mata cizo. Ƙarar da haƙorina ya yi na tabbata an ji ta a Jabo. Mata suka yi ta dariya har wata ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Sai da suka gama sannan ya ɗauko dutse ya fasa ta, ya zuba wa Kaka ruwan cikinta a ludayi, ya bi kowa da ɗan farin ɓallin. Ni ban karɓa ba. Na ce ba na jin yunwa, alhali ba na iya rufe bakina ne.

Taubashin nan ɗan Kawuna ne, yayan Inna. Sa'ana ne, shekara ɗaya aka yi mana kaciya, kuma kowa ya san ni na riga shi daina kuka. Kawu bafatake ne, yana kai kanwa da jan fata kudu, ya dawo da goro da tufafi. A da iyakarsa Ilori. Bara sai madugunsu ya zarce da su har Ikko, bakin ruwan gishiri, kuma Kawu ya tafi da ɗansa don kora jakuna. Ni aka bar ni a Tambuwal ina korar tsuntsaye daga gero, ina ihu tun safe har muryata ta koma ta agwagwa.

Da labarin dawowarsu ya iso, ni da Inna muka bi 'yan kasuwa zuwa Kebbe barka da sauka. Ranar da muka isa Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce na yi tsawo. Ya ce bana ya ƙara jakuna, yaro ɗaya ba zai iya da su ba, in an gama girbi yana so ya tafi da ni.

Ya ce, "Amma sai uwarka ta yarda."

Inna kuwa ko kaza za ta sayar sai ta aika Kebbe ta ji ta bakin uwarta. Hanyata ta zuwa Ikko ke nan ta ƙofar ɗakin Kaka ta bi. Wannan bai dame ni ba, don duk cikin jikokinta ni ne na gaban goshi. "Mijina na Tambuwal" take ce mini. In na zo, ƙanzon tukunyarta nawa ne, ta jiƙa mini shi da ɗan man shanu, sauran jikoki su tsaya suna kallon bakina.

Sai dai wanda ya dawo daga Ikko ba wanda ya tafi ba ne. Ya tafi da wuya kamar sillen kara, ya dawo da wuya har ninki biyu yana ƙyalli. Kuma bai dawo da labarin komai ba sai na abinci. A tambaye shi yadda suka haye Kwara, sai ya ce ai a ƙetaren ne ya fara cin sakwara. A tambaye shi ko sun gamu da 'yan fashi, sai ya ce sun gamu, amma bari ya gama faɗin miyar.

Kullum bayan la'asar yara sukan taru gindin tsamiyar da ke kusa da rijiya. A da in na zo Kebbe ni ke da wurin nan, ni ke ba da labarin kurar da na kora da takalmi. Yanzu shi ke zaune kan saiwar da nake zama, ni ina gefe kamar baƙo.

Ya ce, "Garin ma sunan abinci gare shi. Su Eko suka ce mishi, kuma eko tuwo na. Fari tas, na masara, cikin ganye, da sanyi. In ka taɓa shi sai ya yi rawa."

Na ce, "Tuwon da ya kwana ke nan."

Bai ko dube ni ba. Ya ce akwai ƙaguwa, wadda faɗinta ya kai faifai, ana dafa ta da barkono a fasa bayanta a sha romon a ciki, ita ce naman ita ce akushin. Ya ce akwai jatan lande, ƙananan abubuwa masu gashin baki kamar dattawa, ana shanya su a daka a zuba a miya, ƙamshinsu ya bi mutum har masallaci. Ya ce kifi da safe ake fito da shi daga ruwa yana numfashi, kafin ya gane abin da ke faruwa yana cikin tukunya. Ya ce mai ja ne, manja, kuma ba a ɗiga shi da tsinke yadda ake yi a nan, kwarara shi ake yi.

Wani yaro ya ce, "To gishiri fa?"

Ya ce, "Gishiri? Kogi guda gare su na gishiri, ba a ganin ƙarshensa. Wanka suka yi ciki."

Wannan ta fi ci mini rai. A gidanmu Inna tana ɓoye gishiri a cikin ƙoƙo, ƙoƙon a cikin tukunya, tukunyar a ƙarƙashin gado, kuma in na lasa sai ta gane daga fuskata.

Da ya zo kan wani abu wai akara, ya bayyana yadda ake jiƙa wake a surfe a niƙa a soya, sai na miƙe tsaye.

Na ce, "Jama'a, ƙosai fa yaka faɗi. Ƙosai na. Shekara guda yat tafi ya gano ƙosai."

Ya ce, "Naku fari fat awa mai jinya. Nasu ja na, da barkono ciki. Zauna, ɗan mace, ka kula da haƙorinka."

Aka yi dariya, kuma ba da ni aka yi ba.

Duk wannan da na jure. Abin da ban jure ba shi ne ƙanzo. Da safe ina zaune ƙofar ɗakin Kaka ina jira, ta fito da ƙwarya, ta wuce ni kamar turmi, ta ajiye gabansa. Ya ɗan taɓa ya ture. Wai haƙoransa sun saba da abu mai laushi. Na zuba ido in ga ta ɗauki muciya. Sai ta ce, "Wayyo maigidana, baƙunta ta ɓata min kai," ta koma ta ƙaro man shanu. Na zauna ina kallon mutum yana cin ƙanzona yana yamutsa fuska.

Ranar da abin ya faru, wata yarinya ce ta tambaye shi a gindin tsamiya, duk cikin abincin Ikko wanne ya fi daɗi. Ya lumshe ido, ya daɗe, ya haɗiye yawu.

Ya ce, "Dodo."

Yarinyar ta ja ƙanenta jikinta.

Ya ce, "Kullum sai na ci dodo. Wata tsohuwa ka soya shi bakin zango. In ban ci ba ba ni iya barci."

Kowa a wurin da dodo aka yaye shi. Dodo ne ke cikin rijiya in ka leƙa, dodo ne ke bayan ganuwa in ka ƙi dawowa da wuri. Ga mutum zaune yana cewa ya ci shi soyayye. Yara suka dube shi kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ni ma, don kada in yi ƙarya, sai da na ɗan ja baya.

Da muka kai jakuna shan ruwa, mu biyu kaɗai, sai ya fashe da dariya har yana riƙe wuyan jaki. Ya ce ɗan itace ne kawai, haka mutanen can ke kiransa in an soya. Ya ce zaƙi gare shi kamar zuma, gefensa ya ɗan ƙone, kuma in mun je shi zai fara saya mini.

Ya ce, "Kar ka faɗa ma kowa. Bar su su ɗan ji tsoro."

Na ce ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Abin da na yi dabam ne. Washegari Kawu ya wuce kasuwar Jega da goronsa, ni kuma na ɗauki tulu na tafi rijiya lokacin da mata suka fi yawa. Na tsaya ina ajiyar zuciya har wata ta tambaye ni lafiya.

Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo. Barci na ban samu ba. Ɗaki guda muka kwana da shi."

Suka matso. Na ce ba komai ba ne, minshari ne kawai, sai dai ba da Hausa yake yinsa ba. Na ce akuyar Kaka da ta haihu ba ta yarda ta bi ta gabansa. Na ce jiya na ga yana kallon ɗan maƙwabta, mai ƙiban nan, yana lasar baki, amma wataƙila tunanin wani abu yake yi. Na roƙe su kada su gaya wa kowa, don ɗan'uwana ne.

Kafin azahar labarin ya zaga Kebbe ya dawo ya same ni, har ban gane shi ba. An ce farcen ƙafarsa ya rabu biyu. An ce an ga inuwarsa ta riga shi shiga gida. Mai fura da ke tsayawa ƙofarmu kullum ta riƙa wucewa da sauri tana kallon gaba. Da la'asar ya je gindin tsamiya ya tarar da saiwa da tsamiya, babu yaro ko ɗaya. Uwaye sun tsare su.

Kaka ta ji a wurin masu daka. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ware masa akushi, ta ware masa moɗa, ta aika wurin malamin unguwa aka kawo rubutu cike da ƙwarya, ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Ta turara ɗakinmu da wani haki mai wari har ɓeraye suka yi ƙaura. Da safe ta fito da ƙanzo ta ajiye gabana.

Ta ce, "Ci, mijina na Tambuwal. Kai dai na san abin da ke cikinka."

Ban taɓa cin ƙanzo mai daɗin wannan ba. Na ci a hankali, ina tauna da gefen da ba ya ciwo, ina ɗaga kowace loma yadda za a gan ta daga turken jakuna, inda yake zaune shi kaɗai yana cire musu kaska. Na koma kan saiwata. Na ba da labarin kura, wannan karon guda uku ne kuma takalmin ɗaya.

Haka muka yi kwanaki. Sai wata safiya ina cikin ci, Kaka da Inna suna tsince wake a bayana, na ji Kaka ta ce, "Wanga naki dai ba shi zuwa."

Inna ta ce, "To, Iya."

"Ƙasar da aka cin dodo ba ni ba da jika biyu. Guda ya isa."

Inna ta sake cewa, "To, Iya," ta ci gaba da tsintar wakenta kamar ba rayuwata aka gama yankewa ba.

Na ajiye ƙwaryar na nufi turken jakuna. Ya ga zuwana, bai ɗago ba.

Na ce, "Taubashi."

Ya ce, "Matsa, kar in cinye ka."

Na ce, "Kaka ta ce ba ni zuwa."

Ya ce, "Na jiya. Kunnen dodo gare ni."

Na tsuguna. Na ce ya taimake ni mu je ya gaya mata gaskiya, ɗan itace ne. Ya ce shi yanzu ya saba, ba mai aikensa, ba mai damunsa, rubutun ma in an saba da shi ba laifi. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da zumunci. Daga ƙarshe ya ce zai je, in na yarda ni zan riƙa kwashe kashin jakuna har ranar tashi, kuma in ce a gaban yara ƙosai da akara ba ɗaya ba ne. Na yarda. Da ya ce in ce kura ɗaya ce kuma daga nesa na hango ta, shi ma da na yarda.

Muka sami Kaka tana kaɗi a inuwar ɗaki. Ta ga mun zo tare, ta jawo ni gefenta, ta nuna masa wuri can nesa kaɗan.

Na ce, "Kaka, dodon nan ba dodo ba na. Faɗa mata."

Ya ce, "Ɗan itace na, Kaka."

Ta ce, "Wane itace? Ɗorawa? Kanya?"

"Babu shi nan ƙasar."

"To yaya yake?"

Ya yi tunani. Ya ce, "Dogo na, a lanƙwashe. Suna fitowa da yawa a haɗe, awa yatsun hannu. Sai dai kowane yatsa ya kai damtsena."

Kaka ta dakatar da mazari.

Na ce, "Faɗi zaƙin. Zaƙin za ka faɗi."

Ya ce, "Ina zuwa. Da fari kore na. In an aje shi ya kwana biyu sai ya yi rawaya, sannan ya yi baƙi. In ya fara baƙi ya fi daɗi. Sai a sa wuƙa a tsaga fatar daga sama har ƙasa, a feɗe shi."

Ta ce, "A feɗe shi."

"A yanka gunduwa-gunduwa, a jefa cikin mai."

"Man nan da kac ce ja na awa jini."

"Shi."

"Shina kuka?"

Ya ce, "In an jefa shi dai yana ɗan yin ƙara."

Na dube shi. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, amma taubashi ne, kuma kwanaki ya yi yana shan rubutu saboda ni.

Na ce, "Kaka, minsharin nan ni na ƙirƙira. Da Hausa yaka yin shi. Akuyar ma ba ta bin gaban kowa, halinta na."

Ta ce, "Rufe min baki. Ni da kunnena na ji shi shekaranjiya, ba Hausa ba ta. Kai tausayi gare ka, shi ya sa kaka rufa mishi asiri."

Na rantse mata. Ta ce yaro mai hankali ba ya rantsuwa a kan abin da manya suka ji da kunnensu. Na je rijiya na gaya wa matan ƙarya na yi, suka ce Allah sarki, an tsorata shi. Wadda ta ga inuwar ta ce ita ba a wurina ta ji ba, da idonta ta gani.

Saura Kawu. Na riƙa fita bakin gari ina duban hanyar Jega, ina kwasar kashin jakuna ina dubawa. Da ya dawo ko takalmi bai cire ba na tare shi na zayyana masa komai, ban da wanda ya fara kai maganar rijiya. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya shiga wurin Kaka ya durƙusa ya gaishe ta, mu muna laɓe a bakin ƙofa.

Ya ce, "Iya, abin nan ɗan itace na. Ayaba ta, babba. Malamai na ci, alhazai na ci. Duk zangon Hausawa ba wanda bai ci ba."

Ta ce, "Kai ma ka ci?"

"Na ci, Iya."

"Sau nawa?"

"Ba ni iya ƙirgawa."

Ta dubi idonsa. Ta ce, "Shi ya sa tun da kad dawo nika ganin idonka ya sake." Ta kira Inna ta ce a aika wurin malam a ƙaro rubutu, ƙwarya babba.

Kawu ya sha. Mutum mai gemu, wanda ya haye Kwara da jakuna, ya zauna kan buzu ya shanye ƙwarya guda uwarsa na tsaye a kansa. Da ya gama ya goge baki ya sake gwadawa, ya nuna ni ya ce yaron nan yana da amfani a hanya, kuma ya riga ya yi masa alkawari.

Kaka ta ce, "Kai da ɗanka kun riga kun ci, ya shiga jikinku, ba ni da yadda zan yi. Ku tafi, Allah shi tsare. Wanga kuwa cikinsa gero na da nono, haka zan bar shi." Ta dafa kaina. "Ko ba ka son zama kusa da matarka?"

Na dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa.

Kafin mu bar Kebbe yara suka koma gindin tsamiya, don tsoro ya gaji ya bar sha'awa. Yanzu har daga wata unguwa ake zuwa ganin wanda ya ci dodo, shi kuwa ya daina musantawa. Na tsaya a gabansu na ce ƙosai da akara ba ɗaya ba ne, kamar yadda muka yi da shi. Babu wanda ya kula, suna jiran ya nuna musu farcen ƙafarsa.

Bayan girbi ayari ya tashi. Kawu ya ɗauki wani yaro daga Dogon Daji, ɗan abokinsa, wanda kakarsa ta daɗe da rasuwa. Taubashina ya tafi karo na biyu. Ni ina Tambuwal, kuma bana gonar da ke bakin fadama aka ba ni in tsare daga tsuntsaye.